Malam Sanusi, Mai Kashe Inji a Bakin Gari

Idan an idar da sallar asuba a masallacin unguwarmu da ke Gummi, kowa ya kama gabansa, Malam Sanusi yakan koma zaurensa ya yaye tsohon bargon da yake lulluɓe mashin ɗinsa da shi. Ba ya karyawa sai ya duba baƙin mai, ya danna tayoyi da babban yatsa, ya goge gilashin gaba da wani tsumma da bai yarda a taɓa komai da shi ba. Daga nan ya tada inji, ya tsuguna, ya kara kunne yana saurare. Bayan ɗan lokaci ya kashe, ya mayar da bargo, sannan ya dama kununsa da kansa. Kusan shekara biyu ke nan ba wanda ke aikensa, amma bai fasa wannan hidima ko rana ɗaya ba.

Duk wanda ya zauna Gummi, Bukkuyum ko Anka ya san mashin ɗin nan. Ba irin na 'yan kabu-kabu ba ne. Baƙi ne wuluk, mai silinda huɗu, da akwati biyu a gefe da kujera mai faɗi, kuma in ya faɗi sai ƙarti uku sun taru kafin a ɗaga shi. Malam Sanusi, wanda sana'arsa gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa ce, ya saye shi a hannun wani injiniyan hanya da zai koma ƙasarsu, a 1996, shekarar da aka ba mu jiha. Bijiman nomansa ya sayar, mutane suka ce lallai an yi masa asiri. Shi kuwa yawon duniya yake so. Ya liƙa taswira a bangon zaure, ya ja layi da jan biro daga Gummi zuwa Agadas, daga can zuwa Tafkin Chadi. Taswirar tana nan har yau, ta yi jawur don tsufa. Mashin ɗin bai taɓa wuce Sakkwato ba, can ɗin ma neman kayan gyara ke kai shi, don babu bakaniken da ke yarda ya sa masa sifana a nan, sai mai shi.

Abin da ya karkatar da tafiyar ƙarami ne. A daminar 1997 wani dattijo maƙwabcinsa ya kwanta ciwon ajali, babban ɗansa kuma yana can Gwashi. Lokacin babu waya, saƙo sai dai a ba direban motar kasuwa, ya isa ran da ya isa. Malam Sanusi ya hau da hantsi, kafin la'asar ya sauke ɗan a ƙofar gida, uba da ɗa suka gana. Labari ya bazu. Daga ranar, duk gidan da aka ga jiki ya yi tsanani, ko aka yi rasuwa, abin da za ka ji shi ne a kira Sanusi.

Yana da yadda yake yin aikinsa. Ba ya tunkarar ƙofar mai saƙo kai tsaye, sai ya fara neman liman ko mai gari. Yakan cire hular kwano, ya zauna, ya sa mutum ya zauna, sannan ya yi magana, kuma ba ya cewa jiki ne ya yi tsanani alhali an riga an rufe. Bai taɓa yin ciniki da mai kuka a kan ladansa ba. Faɗansa ɗaya da mutane, su riƙa aikensa tun da sauran numfashi, kada su jira sai an fara haƙa.

Sai dai injin nan yana da ruri, ana jin sa tun daga nesa, kuma ba shi da na biyu a ƙasar nan. Ba a daɗe ba mutanen ƙauye suka haddace shi. A 1999 ya tafi Tungar Ɗanladi, wani ɗan ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum, kuma ba saƙo ya kai shi ba, injin niƙan garin ne ya lalace. Akwai wata mata a can, Inna Yalwa, wadda daga baya ta zama surukata. Ɗanta yana kwance a asibitin Gummi a lokacin. Tana tsakiyar daka ta ji rurin, ta saki taɓarya, ta yanke jiki ta faɗi, goshinta ya bugi bakin turmi. Ɗan nata ya warke sarai, yanzu haka yana da 'ya'ya huɗu, amma tabon yana goshinta har gobe. Malam Sanusi ya gyara injin niƙan ya kama hanyar gida. Tun daga ranar bai sake shiga wani gari da inji a kunne ba.

Kai ne, Malam Sanusi, kake kashe inji a gindin tsamiyar bakin gari, ka sauka, ka kama ƙahonnin wannan ƙaton abu kana turawa cikin yashi, zufa na tsiyaya daga cikin hular kwano, don kada zuciyar wata uwa ta tsinke kafin ka iso. Kai ne ka gwammace gwiwarka ta lalace da a sake samun tabo a goshin wata. Babu wanda ya sa ka, kuma yawancinmu ba mu ma lura da dalilin ba.

To, amma shirun ma sai ya zama alama. Da zarar an hango shi yana turi, mata su bar daka, maza su miƙe daga inuwa, kowa na duban inda zai karkata. Ba a ce masa sannu da zuwa, sai dai a ce lafiya? Ba ƙinsa ake yi ba, kowa ya san mutumin kirki ne, amma ba mai son ganinsa ya nufo ƙofarsa. In an gayyace shi suna ko ɗaurin aure, akan ƙara da cewa ya taho da ƙafa, ana dariya, shi ma ya yi dariya, sannan ya aika da goro ya zauna gida. Ƙanwarsa Tasalla tana aure kusa da Anka, ya daina kai mata ziyara, don ta taɓa gaya masa duk ran da ta gan shi sai ta wuni gabanta na faɗuwa. A kasuwar Bukkuyum na sha ganinsa a bencin mai shayi shi kaɗai, ga wuri a gefensa, mutane na shan nasu a tsaye.

Ni ma ina cikinsu, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. A 2001 ina koyarwa a Bukkuyum, ina cikin aji na hango shi ta taga yana turo mashin a filin makaranta. Alli ya suɓuce mini. Ya jira na fito, ya sa na zauna a dakalin ofis, ya ce Inna, wato mahaifiyata, tana da rai, tana kuma son ganina, in hau mu tafi. Na same ta da ranta. Ta riƙe hannuna, ta yi mini wasiyya a kan ƙannena, washegari da hantsi ta cika. Da motar kasuwa na jira, da kabarinta zan tarar. Amma me na saka masa da shi? Shekara bakwai, in na hango shi a hanya sai in sake layi, don fuskarsa tana tuna mini ranar. Ko na gode ban ce masa ba. Ina jin kunyar wannan har cikin raina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na 2003. Matarsa Maimunatu ta kwana biyu tana zazzaɓi, ba a ɗauka wani abu ba ne. Da safe aka roƙe shi ya kai saƙo rugar wani Bafulatani, Hammadu, can bayan Nasarawar Burkullu, ita da kanta ta ce ya tafi, ta ji sauƙi. Kafin azahar ta rasu. Aka tashi wani da ƙaramin mashin ya bi shi, amma wa zai cim ma Sanusi? Aka jira har aka gaji, aka yi mata sutura. Da la'asar ya shawo kwanar layinsu, ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidansa. Waɗanda ke wurin sun ce bai tambayi kowa ba. Ya kashe inji, ya sauka, ya turo mashin a hankali har bakin zaure. Maza fiye da talatin na zaune, aka rasa wanda ya iya gaya masa, don duk garin shi kaɗai ya iya. Ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Bayan kwana bakwai aka buga masa ƙofa da wani saƙon, ya ɗauki hular kwano ya fita.

Da ƙarfen waya ya iso Gummi, aikin ya mutu ba tare da an yi masa sallama ba. Yanzu a tsakiyar kasuwa ake sanar da mutum rasuwar uwarsa, yana tsaye, babu mai ce masa zauna. Gwiwar Malam Sanusi ta dama ta kumbura saboda turi, ya kuma yi magana da wani mutumin Sakkwato da zai zo ya sayi mashin ya tafi da shi bayan Babbar Sallah. Da na ji haka, na tattara kunyata na yi sallama a zaurensa. Na yi godiyar da ta makara shekara bakwai, ya ce ba komai, Allah ya jiƙan Inna. Na dubi taswira na tambaye shi ko yana baƙin cikin rashin zuwa Agadas.

Ya ce, “Agadas ba ta dame ni ba, Malam Mas'udu. Abin da nika so shi na, ko sau guda in shiga gari da rurinai, wani ya hito shina murna. Shi ke nan.”

Wata guda bayan haka matata Naja'atu, 'yar Inna Yalwa, ta haihu. Cikinta na fari bai zo da rai ba, shi ya sa likita ya hana ta tafiya gida, ya ce ta zauna kusa da asibiti, uwarta kuwa tana can Tungar Ɗanladi ba ta ko iya cin abincin kirki don zullumi. Sabis bai kai ƙauyen ba, dole a aika mutum. 'Yan kabu-kabu sun fi hamsin a tasha, amma zauren Malam Sanusi na nufa da goro da alawa. Ya ƙi da farko. Ya ce na manta abin da rurin nan ya yi wa matar nan? Mace mai 'ya a bakin haihuwa, ta ji shi, ai kafin ya buɗe baki an yi ɓarna. Na ce ya je yadda ya ga dama, ni dai shi nake so ya kai. Ya daɗe yana duban goron, sannan ya zuba shi a akwatin gefe.

Ɗanmusa, ƙanin surukina, shi ya ba ni labarin sauran. Ya ce a gindin tsamiya Malam Sanusi ya kashe inji kamar kullum, ya turo yana ɗingishi. Inna Yalwa na shanya gero a ƙofar gida ta hango shi, ta dafa bango. Ran nan ya karya dokarsa, bai nemi liman ba, tun daga nesa ya ɗaga murya.

“Lahiya lau, Inna! Ɗiyakki ta sauka lahiya. Namiji, su biyu lahiya lau.”

Ta zame ta zauna a ƙasa, ta yi hamdala, ta yi kuka mai isarta. Da ta share fuska sai ta dubi mashin, ta dubi ƙafarsa, ta shafa tabon goshinta.

Ta ce, “Malam, shekara tara kana turin abin ga sabadda ni. Koma bakin tsamiya ka tada shi. Ina son in ji shi shina kawo alheri.”

Ɗanmusa da wasu maza biyu suka taya shi mayar da mashin har tsamiya. Ya hau, ya tada, ya shigo Tungar Ɗanladi da rurinsa gaba ɗaya, kaji na watsewa. Inna Yalwa na tsaye a tsakiyar hanya ta rangaɗa guɗa, matan gari suka karɓa. Ɗanmusa ya ce da ya tsaya bai cire hular kwano da wuri ba, kuma kowa ya san dalili, aka kau da kai.

Ni ina zaune a dakalin gidansa ina jiran dawowarsa. Wajen la'asar na ji rurin daga nesa, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, sai a kwanar layi ya ɗauke. Ya ɓullo yana turi, da kaza ɗaure a bayan kujera, tukuicin Inna Yalwa. Na tashi na kama masa, na ce ai yau an yafe masa turi, me ya sa ya kashe?

Ya ce, “Nan babu mai hitowa.”

Malam Sanusi, mun gode. Na gode a madadin duk wanda ya riski uwarsa ko ubansa da rai saboda kai, da duk wanda aka zaunar kafin a gaya masa. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwarka lafiya, ya jiƙan Maimunatu. Ku kuma masu waya a aljihu, in nauyin kai mugun labari ya faɗo a kanku, ku yi koyi da shi: ku nemi babba, ku sa mutum ya zauna, ku faɗi gaskiya a hankali.

Saura Juma'a uku mutumin Sakkwato ya zo. Kowace Juma'a Malam Sanusi kan zaga da mashin bayan an sauko masallaci, don kada batir ya mutu, ya dawo ta kwanar layinsa. Jama'ar unguwarmu, ba wani abu nake roƙo ba. In kun ji rurin, ku fito ƙofar gida. Ni za ku same ni a kwanar, da jaririn a hannu.