Tankin Yaya

A shekarar da na haifi 'yata ta fari aka rufe masaƙar da Yaya yake aiki a Kano, ya dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Aikinsa a can kula da tukunyar tururi, wadda ake tafasa ruwa a cikinta tururin ya yi wa injina aiki. Tun da ya dawo bai iya zama wuri ɗaya ba. Ya je bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, ya dawo, ya kwance ƙofar da lafiyarta ƙalau ya sake ɗaurawa. Kullum maganarsa ɗaya: wani abokinsa yana kiransa Legas, in bai ga abin yi a gida ba zai tafi. Ni kuwa jin sunan garin nan kawai yana tayar mini da hankali.

Inna sana'arta gumi. Ta jiƙa shinkafa, ta turara ta a ganga, ta shanya, a kai inji. Yaya ya kalli itacen da take ƙonawa da hayaƙin da take sha, ya ce zai haɗa mata irin ta masaƙa, ƙarama. Ya samo ganguna, ya kawo mai walda daga Kura. Ganga ɗaya ta tafasa ruwa da wutar ɓuntun shinkafa, bututu ya kai tururin cikin gangar shinkafar. A sama kuma ya ɗora tanki, ya nannaɗe shi da buhuna.

Ni ya yi wa bayani, ina zaune da tsohon ciki. Da Inna ba sa doguwar magana, shi ne ɗanta na fari. Ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce yaron nan.

“Kin ga,” ya ce mini, “duk sanda aka zuba ruwan sanyi a tukunyar da ke tafasa, an kashe tururin, wuta ta koma aiki daga farko. Shi ya sa na zagaya bututu jikin mafitar hayaƙi. Zafin da zai tafi sama a banza shi zai gasa ruwan tankin, ya shiga tukunya da zafinsa. Ko ya kwana ba zai huce ba.”

Ya yi aiki kuwa da farko. Shinkafa ta fito garau, ɓuntu kaɗan aka ƙona. Ranar na ga Yaya ya zauna ya ci tuwo har ya siɗe kwano.

Sai na haihu, na shiga jego a ɗakin Inna. Safe da yamma tana kawo mini ruwa mai ƙuna, ta tsoma ganye ta yi ta fyaɗa mini a jiki ina ihu tana cewa in yi mata shiru. Ban taɓa tambayar inda take dafa shi ba. Wa ke tambayar wannan?

Daga ɗaki nake jin abin ya fara lalacewa. Tururi ya tashi, ya mutu. Shinkafa ta fito tsakiyarta fari fat, a kai inji ta kakkarye kamar tsaki. Masu kawo wa Inna aiki suka fara janye buhunansu. Yaya ya taɓa ruwan tanki ya ji ɗumi-ɗumi kawai, alhali tankin a cike yake. Ya ce bututun ne ya yi gajarta, ya ƙara. Ya ce ɓuntu ne ya sha raɓa, ya shanya. Ya yi faɗa da mai walda har suka daina gaisawa. Ina jin takunsa a tsakar gida, ya je ya dawo, ya je ya dawo, har na ji kamar in fito in ɗaure shi a jikin turmi.

Wata safiya ya tsaya daga bakin ƙofa, don ba ya shiga ɗakin mai jego.

“Ashe ban iya komai ba,” ya ce. “A masaƙa ma injin ne ya iya, ni tsayuwa kawai nake yi.”

“Yaya, ka bari in yi arba'in mana, sai mu duba tare.”

“Me za ki duba?”

Ya durƙusa ya yi wa Inna sallama, ya ce Legas zai tafi. Tana son ya zauna, duk gidan mun sani. Amma ta kau da kai ta ce Allah ya tsare, shi ke nan. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Kalma ɗaya ta gagare ta.

Na yi arba'in, aka daina wanka. Shinkafa ta taru, itace ya yi tsada, na ce wa Inna mu kunna abin Yaya ko da rabi ya yi mana. Muka kunna. Ran farko ya yi ta shan wuta. Washegari kuwa tururi ya tashi bai ko yi tari ba, shinkafa ta fito kamar ta ranar farko. Haka jibi, haka gata.

Na hau kujera na taɓa tankin ta ƙarƙashin buhu, na janye hannu da sauri. Sai maganarsa ta dawo mini, na maimaita wa Inna ita yadda ya faɗa, cewa ruwan sama dole ya shiga da zafinsa.

Ta daɗe tana kallon tankin. Ta zauna a kan buhu.

“A nan nake ɗibar miki ruwan wanka,” ta ce. “In ya tafi masallaci da asuba, da yamma kuma in ya tafi ɗauko ɓuntu. Amma ban taɓa barin masa shi da saura ba. Ina cika masa da na kanal.”

“Inna, me ya hana ki faɗa masa?”

“In yi wa yaron nan zancen wankan jego?”

Na aika wa Yaya saƙo ta bakin direban da ke kai tumatir kudu, cewa abinsa lafiya lau yake, ya dawo. Amsa ta zo bayan damina: ya gode, ya samu gadi a wani kamfani, a gaida Inna.

Da tankin nan Inna ta yi gumi har ƙarfinta ya ƙare. Ba ta sake bari an ɗebi ko moɗa ɗaya a ciki ba. Maƙwabciya ta taɓa zuwa roƙon ruwan zafi, na ji Inna ta tashi ta hura mata wuta a murhu, tana cewa wancan na yaron nan ne.