Direban Tirela a Gidan Maƙwabta

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ina koyarwa a wata firamare a Tarauni, ina haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Gidan da ke jikin namu, ofishin jin daɗin jama'a ne ya kama shi, ana ajiye waɗanda aka sallamo daga asibiti bayan sun daina shan ƙwaya, amma danginsu suka ƙi karɓarsu. Mutanen layin suka fara kulle ƙofa da wuri. Ni kuwa son sani ya hana ni sakat, na mayar da tabarmata ƙofar gida.

Ma'aikata biyu ke zuwa. Akwai wata Hajiya mai taushin murya, kowa "ɗana" ne a bakinta, amma ban taɓa ganin ta zauna a tabarmarsu ba. Ɗayan wani siririn jami'i ne, tun daga bakin layi ake jin faɗansa. In ya gama faɗan sai ya tuɓe takalmi, ya sa hannu a kwanonsu.

A cikin mazauna gidan na saba da wani dattijo, tsohon direban tirela. Ƙwayar hana barci ya fara sha saboda tafiyar Legas, har ta raba shi da motar da iyalinsa. Wata rana da la'asar na tambaye shi, "Baba, cikin biyun wa ya fi kyautata muku?"

Ya daɗe yana murza carbi.

"Mai faɗan nan, Malam. Shi in zai zage ni, idona yake kallo. Hajiya kuwa addu'a take mini, amma hannuwana take kallo, ko suna rawa."

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi bayan azumi babban ɗansa ya zo daga Darmanawa ɗaukarsa. A bakin ɗan na ji cewa Hajiya ce ta yi ta sintiri gidansu, tana lallashin mahaifiyarsa, har ta yarda ya dawo gida.

Da na faɗa wa dattijon, sai ya ce, "Ikon Allah. Ai ba ta taɓa gaya mini ba."

Ranar Hajiya ba ta zo ba, an ce tana wani gidan a Daurawa. Ya bar mini saƙon godiya in ba ta, ya shiga motar haya, suka tafi.