Ƙwaƙwalwar da Zulaihat Ta Bari Tana Juyawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Maris 2019, labari ya iso Diffa cewa Dokta Zulaihat Kalli ta rasu a hatsarin mota kusa da Maine-Soroa, a hanyarta ta dawowa daga Damagaram. An yi mata sutura washegari.

Zulaihat, na fara saninki lokacin da na je neman labarin mutanen da hare-hare suka bari da rauni a ka. Irin waɗannan marasa lafiya sai an kai su nesa a ɗauki hoton kansu da sikana, su dawo da faifai da hotuna baƙi-baƙi, yanka-yanka, waɗanda ba mai gane su sai likita. Ke kika ƙi yarda abin ya tsaya nan. Kina haɗa yankan a na'urarki har ƙwaƙwalwa ta fito sukutum, da tudunta da kwarinta, kina juya ta da yatsa kamar ƙwarya. Sannan ki shafa launi daidai inda ciwon yake, ki kama hannun ɗan'uwan mara lafiya ki ɗora a kansa, ki ce nan ne.

Da farko ja kike sawa, yadda aka koya muku. Ke da kanki kika ba ni labarin ranar da kika daina. Wani tsoho manomin tattasai daga Geskeru ya daɗe yana kallon jan tabon da ke ƙwaƙwalwar ɗansa, sai ya yi murmushi ya ce, “Alhamdulillahi, 'yata, ga nan wajen ya nuna sosai. Saura dai ya kamo.” A bakin kogin Komadugu, inda ake noman tattasai, ja alamar kaka ce mai albarka. Tun daga ranar kika koma launin toka, irin na gonar da aka ƙone, kuma ba wanda ya ƙara yin kuskure. Sai dai kin ce mini abin ya daɗe yana damunki, don ba ki san iyalai nawa suka tafi gida da murnar ƙarya ba kafin tsohon.

Abin da ya kai ki Damagaram shi ne maganar Nasidi, masuncin Barwa. Bayan an kai wa garinsu hari ya ɓace makonni, sannan ya bayyana a zangon 'yan gudun hijira da ke bakin kwalta, da tabo a bayan kunne. In an tambaye shi inda ya je, sai ya yi shiru ko ya faɗi abin da ba shi da kai. Mutanen zango suka ce ya zauna da 'yan dajin da suka kai harin, yana ɓoye zance ne. Dattawa suka sa ranar zama don su yanke ko a kore shi. Kowa ya san me kora take nufi a wannan lokaci: ba zangon da zai karɓe shi, kuma ba gida da zai koma. Mahaifiyarsa, Ya Kaltumi, ta zo gare ki. Kika kai shi aka yi hoton, kika turo shi gida, ke kika tsaya haɗa aikin.

Na'urarki ta tsira daga hatsarin. Mijinki, Malam Tahir, ya buɗe mini ita. Ƙwaƙwalwar Nasidi tana nan, da toka shimfiɗe a gefen hagu, wajen da kika taɓa nuna mini kika ce can magana take fitowa.

Ranar sadakar uku Ya Kaltumi ta tare ni a ƙofar gida. Hausarta ba yawa, amma ta ishe ta. “Ɗana, an ce kai abokin aikinta ne. Juma'a za su zauna. Wa zai juya musu kan?”

Na ce mata ni ɗan jarida ne, ba likita ba. Ta ce, “Yatsa dai kana da shi.”

Zan je. Amma ina tuna gargaɗin da kike yi mini duk sanda na so in rubuta fiye da abin da na gani: hoto yana nuna rauni, ba ya nuna inda mutum ya kwana ko abin da ke zuciyarsa. Ke kin san yadda ake faɗin wannan gaskiyar a gaban dattawa masu jin tsoro ba tare da an rasa mutumin ba. Ni ban sani ba. A Diffa kuma ban san wanda ya rage da ya iya ba.

Allah Ya jiƙanki, Zulaihat, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Tahir, da 'yarku Meram, da dukan zuri'ar Kalli. Allah Ya ba su haƙuri. Ya kuma sanyaya zukatan waɗanda za su zauna ranar Juma'a, Ya daidaita mini harshe idan na ɗora yatsa a kan tokar.