Sabon Inji a Motar Madam Saratu

Ban taɓa mantawa da ranar da na tayar da sabon injin da na ɗora wa motar Madam Saratu ba, kuma ba na fatan in manta. Wata Asabar ce da rana, shekara bakwai ke nan, a garejinmu na Sabon Gari.

Madam Saratu ungozoma ce da ta ajiye aiki, tana zaune a Tibiri. Motarta tsohuwar Renault 4 ce, wadda muke kira Erkat, gadon mijinta. Ko da ta bar aiki, mutanen ƙauye ba su bar ta ba. Ta ce mini, "Isuhu, motar ga ta tsuhwa kamar ni. In na ɗauko mai naƙuda sai mu kahe cikin rairayi. A ƙara mata ƙarhi." Na ce mata an gama.

A lokacin Baba Tanko ne maigidan gareji, ni ne na biyu, shekarata goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. Dokarsa ita ce, babban aiki irin sauya inji ba a farawa sai ya duba, ba a tayarwa sai yana tsaye. Ni kuwa dokar nan ta ishe ni. Gemu ya fito mini, ina da 'ya'ya uku, amma kullum sai an leƙa aikina. A makon nan Baba ya tafi gonarsa ta Jiratawa cirar albasa. Gaskiya ita ce da gangan na karɓi aikin a bayansa, don ya dawo ya tarar da mota tana gudu.

Na samo inji mai ƙarfi na wata Erkat ta baya-bayan nan wurin masu kayan gwanjo. Mai sayarwa ya tambaye ni ko in haɗa da buwat ɗinsa, wato akwatin giya. Na ce a'a, namu lafiyarsa lau. Ramukan kusoshi ba su yi daidai ba, na sa mai walda ya yanko mini farantin ƙarfe, na haɗa su. Kwana shida ina fama. Ranar Asabar saura abu biyu: ban mayar da wayar birkin hannu ba, ban kuma ɗaura bututun hayaƙi ba. Sai na ji labarin Baba yana hanya, na ce a gwada yanzu.

Ga al'adar gareji: ranar gwajin inji ba a tsayawa gaban mota, don takan zabura. Kowa baya yake komawa. Filin garejinmu kuwa gangare ne, yana sauka zuwa katangar baya inda ruwa ke bi. Sauran ma'aikata sun tafi cin abinci. Madam ta zo ganin gwaji, ni da bakina na ce mata ta zauna kan benci a jikin katangar, bayan mota, nan ne babu haɗari.

Na janye duwatsun da muka tokare tayoyi da su, na shiga, na taka birki, na murza makulli. Inji ya tashi da ruri, tunda ba bututu. Daɗi ya kama ni. Daidai nan Baba ya shigo da buhu a kafaɗa. Ya leƙa cikin injin, don ba mu mayar da murfin ba, sai na ga ya yar da buhun. Yana ɗaga hannu, bakinsa yana motsi, ban ji komai ba. Na ɗauka faɗa yake yi don na karya dokarsa. Na ga ya ruga ta gefen mota ya yi baya. Na sa giya ta ɗaya, na ba ta wuta.

Motar ta yi baya.

Na ji ƙarar benci ya karye, na ji ihun Madam. Na danne birki da kuloci da dukan ƙarfina. Da na waiga, Madam tana kwance gefe cikin ƙasa inda Baba ya hankaɗa ta. Shi kuwa ƙarfen bayan mota ya matse masa ƙafa da katanga.

Ba ni da ikon sauka in tura. Ba birkin hannu, kuma gangare ne. In na ɗaga ƙafata, nauyin motar duka zai ƙarasa kansa. Madam ta tashi tana turawa, amma tsohuwa ɗaya me za ta yi wa mota? Ta zagayo ta taga, fuskarta duk ƙasa.

"Ya ce ka sa giyar baya!"

"Madam, baya hwa? Kashe shi zan yi!"

Ta koma, ta dawo a guje. "Ya ce injin ga juyin hagu yake, ba irin tsohon ba. Gaba ta zama baya. Ka sa ta baya, yanzu!"

Ina jin ƙafata tana gajiya kan birki. Duk abin da na sani a shekara goma sha ɗaya yana ce mini kada in yi. In Baba ya yi kuskure cikin zafin ciwo, ni ne zan murƙushe shi da hannuna. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba. Sai na jiyo muryarsa ta ratso rurin injin.

"Isuhu! Ni na ce ma!"

Na yi bisimilla, na sa giyar baya, na saki kuloci a hankali har na ji motar ta ɗauki nauyinta, sannan na ɗaga birki. Ta yi gaba. Na hau da ita har bakin ƙofa, na ji Baba ya zube a bayana.

Maƙwabcinmu mai sayar da taya ne ya kai mu asibiti. Ƙashin ya karye wuri biyu. A can Baba ya yi mini bayanin abin da duk tsohon makanike ya sani: injin tsofaffin Erkat da na baya-baya ba waje ɗaya suke juyawa ba, shi ya sa kowane yake da buwat ɗinsa. In ka gauraya su, sai ka sami giya huɗu na baya, ɗaya ta gaba. Kallo ɗaya ya yi wa juyin bel ɗin injin ya gane.

Na durƙusa gefen gado ina kuka, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Rashin sani ba laihi ba ne, ni ma gaya mini anka yi. Amma ka jira sai da na tahi, don kada in gaya ma. Wanga shi ne laihinka."

Na koma na sayo buwat ɗin da na raina. Motar Madam har yau tana ratsa rairayi da mata a ciki.

Ku da kuke koyon aikin nan, abin da na ɗauka ke nan: wanda yake leƙa aikinka ba raina ka yake yi ba, kuma ƙarfe ba ya zaɓen mai laifi. Yanzu ni ne maigidan gareji, amma ba na tayar da sabon inji sai wani ya duba mini, ko da wanda na koyar ne. Baba bai sake shiga ƙarƙashin mota ba. Ni na yi kuskuren, shi yake ɗingishi.