Usta Mitwalli Ya Kai Ayari Zabarjad

A unguwarmu ta Shubra, in ka ce Usta Mitwalli ba wanda zai tambaye ka wanne. Usta shi ne abin da muke kiran gwanin direba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa tasi a nan Alƙahira, kuma ba a taɓa jin ya ce wa fasinja bai san wuri ba. Wannan kam halinmu ne mu duka 'yan garin nan. Ka tambayi mutum hanya, ko bai taɓa jin sunan titin ba sai ya ɗaga hannu ya ce ka miƙe ka sha kwana ta biyu. Bambancin Mitwalli shi ne sau tara cikin goma ya sani ɗin da gaske. A na goman kuwa sai ya tsaya gaban mai kanti kamar zai sayi ashana, ya yi tambaya ƙasa-ƙasa, ya dawo mota yana mitar tsadar ashana.

Ciwon suga ne ya raba shi da sitiyari. Yana da shekara sittin da ɗaya aka yanke masa ƙafar dama, ƙafar totur da birki. Ya dawo gida hawa na uku, ya kafa kujera a bakin taga, ya shiga zagin direbobin da ke wucewa a ƙasa, waɗanda ba sa iya zuwa gidan ubansu sai waya ta gaya musu. Matarsa Awaɗif ta sha wuya a watannin nan, shayi ya yi zaƙi laifi, bai yi ba laifi. Ita ta san ba ƙafar ce ke cinsa ba. Baƙin cikinsa shi ne gari ya waye har ya faɗi ba wanda ya ce masa, "Usta, kai ni wuri kaza."

'Yarsu Nagwa tana aiki a kemis, shekararta talatin da biyar, kuma tun tana makaranta take da jarabar wasannin kwamfuta. A lokacin aka fito da wani sabon wasa na intanet mai suna Ayarin Zabarjad, irin wanda dubban mutane ke shiga lokaci guda, kowa da mutumin da ya ƙera wa kansa, wani mayaƙi, wani matsafi, a wata ƙasa ta aljanu da dodanni. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun yi wa jama'a mugunta guda ɗaya: ba su sa taswira ba. Rana ta biyu da fitowarsa Nagwa na zaune a falo tana ta zagaye a kasuwar birnin farko, ubanta na bayanta da kofin shayi.

"Ke likitar ƙwaya, karo na uku ke nan kina wuce rijiyar nan."

"Baba, rijiyoyin duk iri ɗaya ne."

"Iri ɗaya a idonki. Wannan bakinta a fashe yake. Koma baya, ki bi ta gefen mai fitilu, in kin ga baƙar akuya ki yi dama."

Ta bi don ya ƙyale ta, sai ga ta a ƙofar gari. Washegari ta ajiye masa tsohuwar kwamfutarta a bakin taga, ta sa masa abin magana a kunne. Ya ce shi ba yaro ba ne. Kafin la'asar sai da Awaɗif ta kira shi cin abinci sau huɗu.

Duk wanda ya hau gaishe shi a satin nan ya sha labarin wasan, ko yana so ko ba ya so. A cewarsa garin yana da kyau amma ƙarya ce tsagwaronta: ba shara, ba mai danna hon, kasuwa guda ba mai sayar da wake ko ɗaya, to mutanen me suke karyawa da shi? Layin shiga wasan ya fi cunkoson gadar Oktoba da azahar. Raƙumin da aka ba shi ya maƙale a bango rabinsa ciki rabinsa waje, ya sauka ya bar musu kayansu ya koma jaki. Takobi da tsafi ya ce a kai kasuwa, shi fitila ta ishe shi. Abu ɗaya ya yaba, kuma ya yaba shi da zuciya ɗaya.

"Wanda ya shimfiɗa lungunan nan ɗan gari ne," in ji shi. "Ya san hanya ba ta tafiya a miƙe sai in ɗan gwamnati ne ya zana ta."

Sunayen da maƙirƙira wasan suka ba wurare sun yi masa tsawo, sai ya raɗa musu nasa na Alƙahira. Babbar mahaɗa ta zama Ramsis, kasuwar tsofaffin kaya ta zama Ataba. Cikin kwana tara mutanen da ba su taɓa taka Masar ba, daga Maroko har Oman, suna ce wa juna a haɗu a Ataba. In baƙo ya ɓata sai a ce ya nemi tsohon nan mai jaki. Mu 'yan unguwa da muka ji, har wani daɗi ya kama mu, kamar namu ya ci ƙwallo.

Babban abin da ake nema a wasan shi ne a ƙetare Kwarin Dodanni da ayari a isa birnin Zabarjad. Wanda ya mutu a kwarin ya mutu ke nan, shi da duk abin da ya tara, sai dai ya sake daga farko da sanda a hannu. Ayarin da ya fara isa kuma za a sassaƙa sunayen mutanensa a ƙofar birnin. Ayari shida sun gwada, ba wanda ya kai labari. Sai wani likitan haƙori ɗan Basra, Dakta Lu'ayyu, ya haɗa ayarin mutum ashirin da uku har da shi kansa da Nagwa, ya zo da ladabi.

"Usta, ka san hanyar kwarin?"

"Haba Dakta! Kamar tafin hannuna."

Gaskiyar magana, ya san ta har zuwa wata karyayyiyar gada. Gaba da nan bai taɓa leƙawa ba, kuma bai faɗa ba. Bakin ne ya riga shi, kamar yadda ya saba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka tashi. Awa biyu Mitwalli na gaba a kan jakinsa yana ba da umarni, a rage gudu, a matso gefe, wancan mai dokin ya daina shiga gaban mutane kamar ɗan acaɓa. Suka wuce ramuka uku da suka cinye ayarin baya ba wanda ya yi ko tuntuɓe. Suna ƙetare gadar sai guguwar wasan ta rufe hanyar bayansu, gabansu kuma hanya ta rabu biyu, hagu da dama, duka duhu.

"Ina muka nufa, Usta?" in ji Dakta.

Hannun Mitwalli har ya ɗaga da kansa. Kalmar "miƙe" tana kan harshensa. Ya duba allon, ba kanti, ba mai shayi, ba ko almajirin hanya da za a tambaya a ɓoye. Mutum ashirin da uku, kowa da wahalar kwana tara a bayansa, sun tsaya suna jiran bakinsa. Awaɗif da ta shigo da farantin kabeji mai cushen shinkafa ta dube shi sau ɗaya.

"Baban Nagwa, wannan fuskar sayen ashana ce."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ji kunya irin wadda bai ji ba ko ranar da aka ɗauko shi a kafaɗa aka hau da shi bene.

"Jama'a, ban sani ba," ya ce. "Daga gadar nan ilimina ya ƙare. Na yi muku ƙarya, ku yafe ni."

Can wata 'yar Tunis ta ce, "Kai Baba! Sai da ka kawo mu tsakiyar daji za ka ce mai ya ƙare?"

"Ki zage ni in mun isa, 'yata. Yanzu kowa ya kashe mota. Ni na ɗauko ku, ni zan duba."

"Baba, in ka mutu jakin ma ya tafi fa," in ji Nagwa daga ɗaya kujerar.

"Na sani. Ki kula da bayan ayari."

Ya kaɗa jakinsa hagu shi kaɗai, yana faɗa musu abin da yake gani: ga itace ƙonanne, ga gangare, ƙasa ta yi laushi, ba sawun keken shanu ko ɗaya, wannan ba hanyar mutane ba ce. Bai rufe baki ba dodanni suka fito masa daga ƙarƙashin yashi. Ya samu ya ce, "Hagu mutuwa ce, ku yi dama, ku nemi sawun taya!" sai allonsa ya yi toka, sun kashe shi da jakinsa.

Bai tsaya jimami ba. Ya ja kujerarsa da hannu har gefen Nagwa, ya zura kai a allonta, ya ƙwace abin maganarta. Sauran tafiyar daga nan ya ja ta, yana karanta sawu a ƙasa, inda ya gane ya ce ya gane, inda bai gane ba ya ce a tsaya a duba tare. Kabejin ya huce a faranti ba wanda ya taɓa.

Ana kiran sallar magariba suka ga hasumiyoyin Zabarjad. Ihun da ya fito daga kwamfutar har maƙwabta sun leƙo ta taga. Sunaye suka fara bayyana a jikin ƙofar ɗaya bayan ɗaya, na Dakta a sama, na Nagwa na bakwai. Na Mitwalli babu, don matacce ba ya shiga birni. Nagwa ta fashe da kuka don haushi, Dakta na rantsuwa zai rubuta wa kamfanin wasan takarda har sai sun gyara.

"Dakta, bar takardar nan," in ji Mitwalli. "Ke kuma matsa min in gani."

Ya ɗora yatsa a allon ya bi sunayen daga sama har ƙasa, yana ƙirgawa a fili. Ya sake ƙirgawa. Sannan ya jingina da kujera, ya juya wajen matarsa, fuska cike da alfahari.

"Awaɗif, mutum ashirin da uku na ɗauko. Ashirin da uku na sauke."