Kwanar da Ta Rage a Bangon Gidana

Ranar Talata, 22 ga Afrilu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Mutawakilu Seidu, a nan Bawku, bayan gajeriyar jinya. Wanda Ya ba mu aronsa ne Ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Ni ce ƙanwarsa Hanatu, mai sayar da masara da gero a kasuwa. Rubutu ba sana'ata ba ce, amma akwai maganar da na kasa faɗa a zaman makoki saboda hayaniya da gajiya.

Yaya, ka tafi ka bar mini yara a tsakar gida. 'Yan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ne, jarrabawarsu tana watan Yuni, kuma makarantarsu ba ta da malamin lissafi tun da na ƙarshe ya nemi canjin wurin aiki saboda rashin zaman lafiyar garin nan. Kai kaɗai suke da shi. A cikinsu akwai Kausara, wadda mahaifinta ya gaya maka baki da baki cewa in ba ta ci ba, karatu ya ƙare, za ta koma tsaron shagonsa a Kulungugu. Ka roƙe shi ya bar maka ita zuwa Yuni. Ya bar maka ita, kai kuma ba ka kai Yunin ba.

Tun muna yara a Salaga kake da wannan ciwo na aune-aune. Inna ta aike ka ɗiban ruwa, ka tsaya kana zagaye bakin rijiya da igiyar guga, wai kana son sanin sau nawa faɗinta zai shiga kewayenta. Ka sha faɗa a kan haka, bai hana ka ba. Da ka zama malami aka kai ka Yendi, can ka yi ƙuruciyar aikinka. Na ziyarce ka sau ɗaya, na tarar ka yanka alwatika daga kwalin sabulu, ka yage kusurwoyinta uku, ka jera su a gefen tebur suka tashi miƙaƙƙen layi. Yara suka yi tsit kamar ka yi musu dabo. Ka ce kowa ya yanka tasa, babba ko ƙarama, ya gwada ya ƙaryata ka. Ba wanda ya iya, aka tashi aji da tarkacen kwali.

Bawku ce wurin aikinka na ƙarshe, da ka yi ritaya kuma ka ƙi komawa gida. Ka ce gidana ne a tsakiyar gari, yaran kowace unguwa za su iya zuwa ba tare da iyayensu sun tsorata ba. Daga nan na rasa sakewa. Faifaina ya zama abin zana da'ira, karan dawa na hura wuta ya zama alwatika, bangon da na yi wa sabon shafe ka mai da shi allo. In an sa dokar hana fita, ka matso da darasi gaba. In an sassauta, ka mayar da shi bayan la'asar. Ba ka taɓa karɓar ko sisin kowa ba. Yaron da ba shi da kamfas, ka ɗaura masa fensir da zare, ka ba shi ƙusa. Dokarka ɗaya ce a kan jarrabawa: a zana tukuna, sannan a lissafa. Ka ce wanda ya zana abin da aka tambaye shi, rabin tsoronsa ya tafi.

Na sha ce maka ka huta. Ƙafafunka suna kumbura, muryarka ta dushe, kana hawa keke cikin wannan zafin. Amsarka kullum ita ce, “Bari su rubuta tukuna.” In waɗannan suka rubuta, wasu su taso. Haka muka yi ta yi har ƙarfinka ya ƙare.

Washegarin sadakar uku, baƙi sun fara watsewa, ina zaune a bakin ɗaki ko ɗankwali na kasa ɗaurawa daidai, sai ga Kausara ta shigo da sallama. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce, “Mma, kwana ɗaya ya rage, Malam bai gama ba.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Kausara, ba kwanan da ya rage masa. Da ya rage, da yana nan zaune.”

Ta zaro ido. Ta ce, “A'a Mma, ba shi ba. Kwanan bango.”

Na juya. Zanenka na ƙarshe yana nan da alli: layi biyu masu tafiya tare ba sa haɗuwa, wani ya ratsa su, ka rubuta adadin kusurwoyi ka bar ɗaya babu komai. Wannan kusurwar ce yarinyar take nufi. Yaran zango, wato unguwannin masu jin Hausa na nan, ba sa cewa kusurwa, kwana suke cewa, irin kwanar hanya, kuma Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Sai a lokacin na tuna yadda kake fama da su. Kakan ce, “Kwanar zane mace ce, ta rage. Kwanan duniya namiji ne, ya rage. Ku ce kusurwa ku hutar da ni.” Su yi dariya, gobe su maimaita. Ban yi kuka lokacin wankan gawarka ba, ban yi ba da aka fita da kai. A gaban yarinyar nan na yi, har ita ta koma tana ba ni haƙuri.

Yaya, ni ban san amsar ba. Mudu na sani da tiya. Na gaya mata haka, ta ce ba komai, ta kwafi zanen ta tafi. Washegari suka dawo su da yawa, suka zauna suna gardama a kai, kowa da tasa amsar, ba mai raba musu.

Saboda haka ina magana da ku tsofaffin ɗalibansa da kuka zo ta'aziyya. Kun zo daga Yendi, daga Salaga, daga Bimbilla har da Paga. Na ga malamai a cikinku, na ga masu awon fili da magina. Kun faɗi alherinsa har na ji abubuwan da ni kaina ban sani ba, kun ci abinci, kun hau mota. Na gode, Allah Ya ba da lada. Amma wallahi na gaji da jin yadda ya taimake ku. Mutum ɗaya nake nema a cikinku da zai zo ya koyar da yaran nan, ko ranar Asabar kawai, daga yanzu zuwa Yuni. Wurin kwana da tuwo suna wuyana.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba ka hutun da ka ƙi ɗauka a duniya. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Damata, da 'ya'yanka Faruq da Nadiya, da danginmu na Salaga. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya zaunar da garin nan lafiya, Ya kyautata namu ƙarshen.

Yaran ma ina yi musu ta'aziyya, don ba wanda ya yi musu. Gobe bayan la'asar za su zo. Zan share tsakar gida in fito musu da benci, in zauna a bakin ƙofa ina duban hanya.