Malama Talatu da Ƙafata ta Hagu

Ranar Laraba ce, makon da muka dawo daga hutun Ista, shekarar da nake aji huɗu a firamarenmu da ke Samaru. Ruwan farko ya sauka da asuba, fili sai ƙamshin ƙasa, 'yan matan ajinmu sun tuɓe takalma sun jeru a gindin mangwaro za a koyi rawar gargajiya. Ni kuwa ina inda na saba, zaune a kan saiwa ina gadin takalman. Shan inna ya taɓa ƙafata ta hagu tun ina rarrafe, don haka duk wasan da ake yi da ƙafa, langa ce ko 'yar gala-gala, nawa kallo ne da raba gardama. Sai sabuwar malamar rawa, Malama Talatu, ta juyo ta ce, "Ke mai gadi, takalman nan ba gudu za su yi ba. Taso." Yara suka kwashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A gidan hayarmu ba a raga mini aiki. Ni ce sharar tsakar gida, ni ce ɓarar gyaɗa, ni ce wanke-wanke a bakin rariya, in masara ta nuna kuma tare muke zuwa karya a 'yar gonar Baba da ke bayan gari. Amma da an fita cikin mutane sai Mama ta shiga ɓoye ni. A coci kusa da ƙofa muke zama, lokacin baiko kuma, wato ba da sadakar coci, yayata take ba kuɗina ta kai gaba, don kada a kalli tafiyata. Ƙauna ce, na sani, amma ta yi mini ciwo.

Malama Talatu gajeruwa ce mai muryar mutum uku, daga unguwar Muchia take hawo bas kowace Laraba da jakar akayau, ƙarafan nan da masu rawa ke ɗaurawa a ƙafa. Ran nan ta sa ni na yi ta kai da kawowa tana kallona, sannan ta durƙusa ta ɗaura mini akayau a ƙafar da na fi jin kunyarta. Ta ce wa Baba Audu, masinjan makaranta da ke buga mana ganga, ya bi takuna. Daga nan ta sauya wa kowa rawar: duk taku na biyu sai an karkata hagu, yadda nake yi ba da so na ba. Da yara suka fara gunaguni ta ce, "An ce in kiɗa ya sauya rawa ta sauya. To bana ƙafar Hannatu ce za ta sauya kiɗan." Ba ta taɓa tausaya mini ba, na sha rankwashi kamar kowa, kuma wallahi ina jin daɗinsa. Ranar Asabar mukan je gidanta mu ƙara gwaji a tsakar gida, maƙwabtanta Ibo da Yarabawa suna leƙe suna tafi, a ƙarshe ta raba mana dafaffiyar masara.

Ranar bikin ƙarshen shekara Mama ta tsaya can baya, ta toshe baki da gyale tana jiran a yi mini dariya. Muka fito, muka karkata tare, ba wanda ya iya nuna gurguwar a cikinmu. Lahadin da ta biyo ni da kaina na kai baikona gaba. A dogon hutun nan aka yi wa mijin Malama, ma'aikacin jirgin ƙasa, canjin wurin aiki, suka bar Zariya ba sallama. Yaba kyauta tukuici, amma yaro bai san wannan ba. Sai da na girma godiyar ta tsaya mini a rai, ga shi ban san inda zan kai ta ba.

Bara na je Ingila wankan jegon 'yata. Wata Lahadi ta kai ni bikin godiya a cocin mutanenmu, matan Arewa suna waƙa da Hausa, sai na ji wata tsohuwa a keken guragu tana yi wa makaɗinsu faɗa wai yana gudu da kiɗan. Muryar nan ko a mafarki na san ta, Malama Talatu ce. Na durƙusa a gabanta na faɗi sunana, na zayyana mata komai ina kuka. Ta dubi fuskata da kyau ta ce, "'Yata, yaran sun yi yawa, kaina kuma ya fara yoyo. Ban tuna ki ba." Zuciyata ta karye. Sai ta riƙo hannuna da hannunta ɗaya da ke motsi, ta ce, "A garin nan ba wanda ya san na taɓa rawa. Tsaya." Ta kira jikarta, budurwar da ba ta jin Hausa, ta ce in maimaita mata. Na maimaita da Turanci tun daga farko, yarinyar tana kallon kakarta kamar yau ta fara ganinta, Malama kuwa ta gyara zama tana gyaɗa kai, hawaye na bin kuncinta.

Kafin shekara ta zagayo ta rasu, can aka binne ta. Yanzu in na bi ta tsohuwar makarantarmu, katanga da shaguna sun cinye rabin filin, jikokina kuma a waya suke koyon rawa, kowa a ɗakinsa. Ina kewar lokacin da babba ke durƙusawa a ƙasa don ɗan wani. Abu ɗaya ke sanyaya mini rai: godiyata ta same ta tana ji.